Turmi, Injin Niƙa da Matsar Mai: Wane Gini Niƙa Ya Bari a Ƙasar Madarunfa?

A Faransa kalmar moulin tana nufin gini mai tarihi, wanda ake iya sauya wa aiki idan niƙa ya ƙare. Misali, babban gidan niƙa na Paris ya daina aiki a 1996, daga baya ya zama wani sashe na jami'a. Wannan maƙala tana ganin cewa idan aka ɗauki wannan ma'auni aka shiga ƙasar Madarunfa da shi, za a fito hannu wofi, alhali tarihin yana nan.

Dalili kuwa shi ne, a ƙauyukan Gulbin Maraɗi, kamar Safo da Gabi da Jiratawa, niƙa aikin mata ne a cikin gida, da turmi da taɓarya da dutsen niƙa. Gulbin ma ba ya gudu sai da damina, balle ya juya wani inji. Injin niƙa mai aiki da gazuwal ya zo daga baya, kuma rumfa ko ɗan ɗakin laka ya ishe shi.

Gini na sosai gujiya ce ta kawo shi, wato gyaɗa. A 1942 aka kafa matsar mai ta SICONIGER a Maraɗi. A 1962 gwamnati ta kafa SONARA don cinikin gujiya, da UNCC mai kula da ƙungiyoyin manoma. A shekarun 1960 gujiya ce kan gaba cikin abin da Nijar take fitarwa waje. Sai farin 1973, sannan cutar da ɗarba ta yaɗa a gonaki a 1975, noman ya karye. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya nuna yadda ƴan kasuwa suka juya ga wasu hajoji ta kan iyakar Nijeriya. Matsar ta rasa abin matsa. A farkon shekarun 2000 ta koma aiki da sunan Olga Oil: an sauya mai gida, ba a sauya aikin ba.

A ƙauye kuwa mata suka ci gaba da matsa mai da toya ƙuli-ƙuli, injin unguwa yana markaɗa musu. Saboda haka ɗalibin da zai bi wannan tarihi ya fara da tsofaffin magazan ƙungiyoyi da filayen awo na kasuwanni irin Ɗan Isa, ya tambayi dattawan da suka yi dako da awo abin da aka ajiye cikinsu bayan gujiya, da wanda ya riƙe makullin.