Yadda Kuɗin Magani Ya Karya Wariya a Asibitocin Amurka

Har zuwa farkon shekarun 1960, baƙar fatar da ciwo ya kwantar a kudancin Amurka ya san abin da ke jiransa: ko a kai shi wani ɗaki a bayan gini, ko a ce masa babu gado. Da yardar doka ake yin haka. Dokar Hill-Burton ta 1946, wadda ta zuba kuɗin tarayya wajen gina asibitoci, ta halasta a raba majiyyata bisa launin fata, muddin an ce kulawar ɗaya ce. Ba ta taɓa zama ɗaya ba.

Tun 1945 Shugaba Harry Truman ya nemi a kafa inshorar lafiya ta ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyar likitocin Amurka ta kira shirin gurguzu, 'yan Republican da 'yan Democrat na kudu kuma suka yi wa shirin taron dangi a majalisa har ya mutu.

A 1963 wani likitan haƙori baƙar fata, George Simkins, ya yi nasara a shari'ar wariya a kotun ɗaukaka ƙara kan asibitin Moses Cone da ke Greensboro. Shekara ta zagayo, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a Dokar 'Yancin Jama'a, wadda sashenta na shida ya haramta ba da kuɗin tarayya ga duk hukumar da ke wariya. Sai dai doka a takarda ba ta buɗe ƙofar asibiti.

Zaɓen 1964 ne ya sauya lissafi. Johnson ya kayar da Barry Goldwater na Republican warwas, jam'iyyarsa ta Democrat ta samu kujeru 295 a majalisar wakilai. Wilbur Mills na Arkansas, shugaban kwamitin haraji da ya daɗe yana danne ƙudirin inshorar lafiyar tsofaffi, ya ga iska ta juya, ya bi ta. Ranar 30 ga Yuli, 1965, aka sa hannu a dokar Medicare ta kula da masu shekara 65 zuwa sama, a garin Independence, kuma Truman, yana tsoho, shi ya karɓi katin farko.

Daga nan gwamnati ta ɗaure akuya a gindin magarya: asibitin da ke son kuɗin tsofaffi kusan miliyan 19, sai ya cire allunan wariya, ya haɗa majiyyata a ɗaki ɗaya. Aka baza masu bincike, 'yan gwagwarmaya da ma'aikatan asibiti baƙaƙe na tsegunta musu inda ake ɓoye-ɓoye. Kafin shirin ya fara ranar 1 ga Yuli, 1966, mafi yawan asibitoci sun miƙa wuya. Abin da wa'azi ya kasa, aljihu ya yi shi cikin 'yan watanni.

Democrat ta biya farashi, domin kudu ta yi ta sulalewa zuwa Republican. Medicaid kuwa, shirin talakawa da aka haifa rana ɗaya da Medicare, an bar ragamarsa a hannun jihohi. Da Kotun Ƙoli ta ba su zaɓin faɗaɗa shi a 2012, Texas da Mississippi da Alabama na cikin waɗanda suka ƙi.