Adaftar cajin motar lantarki

Adaftar cajin motar lantarki wata 'yar na'ura ce da ake sakawa tsakanin wayar caja da bakin cajin mota idan su biyun ba su dace da juna ba. Ana bukatarta ne saboda ƙasashen da ke ƙera motoci ba su daidaita a kan fulogi iri ɗaya ba.

Ire-iren fulogi

A Amurka da Japan an daɗe ana amfani da Type 1, wanda ake kira J1772. Tarayyar Turai ta zaɓi Type 2, mai iya ɗaukar wuta layi uku. Wajen caji mai sauri akwai CCS1 a Amurka, CCS2 a Turai, CHAdeMO na Japan da aka fito da shi a 2010, da kuma GB/T na ƙasar Sin. A watan Nuwamba na 2022 kamfanin Tesla ya ba sauran kamfanoni damar amfani da nasa fulogin mai suna NACS.

Yadda take aiki

Adafta iri biyu ce. Ta farko siffar baki kawai take sauyawa, kamar mai haɗa Type 1 da Type 2, domin su biyun hanya ɗaya suke bi wajen aika sigina. Ta biyu tana da ƙaramar kwamfuta a ciki, saboda a caji mai sauri mota da caja sai sun yi musayar bayanai kan zafin batir da yawan wutar da zai ɗauka. Tsarin saƙon CCS ya bambanta da na CHAdeMO da GB/T, don haka sai an fassara. Adafta ba ta ƙara saurin caji fiye da abin da motar za ta iya ɗauka.

A Najeriya da iyakar Benin

Najeriya na shigo da motoci daga Amurka da Turai da Sin, shi ya sa ake samun fulogi mabambanta a kasuwa ɗaya. Shekaru da dama motocin da aka sauke a tashar ruwan Kwatano na shigowa ta iyakokin ƙasa, har zuwa farkon 2017 da gwamnatin tarayya ta hana hakan. A 2021 hukumar NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.

A ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, inda garin Tsamiya ke iyaka da yankin Segbana na Jamhuriyar Benin, bambancin ya kai har soket ɗin gida. Najeriya ta gaji soket mai ƙafa uku irin na Ingila, Benin kuwa mai ƙafa zagayayyu irin na Faransa.

Hattara

Adaftar da ake cajin waya da ita ba ta jure wutar da mota ke ja na tsawon sa'o'i, tana iya narkewa ta haddasa gobara. Soket mai amp 13 bai wuce kimanin kilowat 3 ba. Wasu cajojin da ke zuwa da motocin Amurka an yi su ne don volt 120, alhali wutar Najeriya volt 230 ce, kuma adafta ba ta rage ƙarfin wuta. Ba a so a jona adafta biyu a jere, ko a yi caji da soket marar wayar ƙasa.