Daga asusun kaka zuwa asusun banki: ina kuɗin ruwa ke fitowa?

1/ A Daura, asusun ƙasa da adashi kakanninmu suka sani. Abin da ka zuba shi za ka kwasa, ko sisi ba ƙari.

2/ Sai bankuna suka shigo Arewa, irin su Bank of the North da aka kafa a 1959. A banki ajiyarka ba kwanciya take ba: rance ake bayarwa da ita, a samu ƙari, a gutsuro maka. Shi ne kuɗin ruwa.

3/ Nawa ake gutsurowa? CBN ke yanke mafi ƙaranci. A Satumban 2020 ya rage shi daga kashi 30 zuwa kashi 10 na ma'aunin ruwansa, wanda yake 12.5% lokacin. Wato N100,000 ta haifi N1,250 a shekara guda! Sai Agustan 2022 aka maido 30.

4/ Kuma in ka cire kuɗi fiye da sau 4 a wata, ruwan watan ya wuce ka.

5/ Masu gudun ruwa saboda addini sun samu mafita a 2012, da Jaiz ya fara aiki: kasuwanci ake da ajiyar, a raba riba.

6/ 'Yan uwa, kafin ku buɗe asusu ku tambaya: wane iri ne, nawa yake haifarwa, ya kamo tsadar kaya?