Pierre-Amand Landry: Daga Zuriyar Korarru Zuwa Kujerar Shari'a

A shekarar 1755 hukumomin Birtaniya suka fara kwashe Akadiyawa, manoma masu jin Faransanci kuma mabiya ɗariƙar Katolika, daga gonakinsu a gabashin Kanada ta yau. An loda dubbai cikin jiragen ruwa aka warwatsa su a duniya. Waɗanda suka tsira ko suka dawo sun zauna a gefe, ba su da murya a harkar mulki. Cikin wannan al'umma aka haifi Pierre-Amand Landry a Memramcook, lardin New Brunswick, ranar 1 ga Mayu, 1846, shekarar da mahaifinsa Amand ya shiga majalisar lardin.

Landry ya yi karatu a Kwalejin Saint-Joseph, ya ɗan koyar, sannan ya koyi aikin lauya a Dorchester, ya zama lauyan farko daga cikin Akadiyawan lardin. A 1870, yana ɗan shekara 24, mazaɓar Westmorland ta tura shi majalisa. Yawancin masu ƙuri'a a can Turanci suke yi, kuma wannan ne ya zame masa ƙaya: mutanensa na jiran ya kare su, alhali kujerarsa tana hannun wasu.

Jarrabawar ba ta jima ba ta zo. Dokar makarantu ta 1871 ta kafa makarantun gwamnati da ba ruwansu da addini, ta ɗora wa kowa harajinsu. Iyaye Katolika suka ga za su biya kuɗin makarantar da ba su yarda da ita ba. Landry ya fito fili ya soki dokar, ya kuma rasa kujerarsa a zaɓen 1874. A watan Janairun 1875 rikicin ya kai ga zubar da jini a garin Caraquet, inda aka kashe saurayi Louis Mailloux da ɗan sanda John Gifford. Landry na cikin lauyoyin da suka kare Akadiyawan da aka gurfanar, kuma daga bisani an sake su.

Wannan faɗuwa ta koya masa cewa 'yan tsiraru ba sa cin nasara da fushi kaɗai. Da ɗan gari akan ci gari. Ya nemi ƙawance da 'yan siyasa masu jin Turanci, ya koma majalisa a 1878, aka ba shi ma'aikatar ayyuka, matsayin da wani Ba'akadiye bai taɓa riƙewa a lardin ba. A 1883 ya wakilci Kent a majalisar tarayya da ke Ottawa.

Sulhun bai sa ya manta asalinsa ba. Shi ya shugabanci babban taron Akadiyawa na 1881 a Memramcook, inda aka zaɓi 15 ga Agusta ranar al'umma, da na Miscouche a 1884, inda aka amince da tuta: launuka ukun Faransa da tauraro ruwan ɗorawa.

A 1893 ya zama alƙali a Kotun Ƙolin New Brunswick. Sarautar da ta kori kakanninsa ta ba shi lambar girma ta Sir a 1916, makonni kaɗan kafin rasuwarsa. Mai suka na iya cewa tsarin ya haɗiye shi. Sai dai dokar da a da Akadiyawa ke jin ta kawai a bakin wasu, daga zamaninsa suka fara zartar da ita da bakinsu.