Bayanan Ƙasar Asali a Shari'ar Neman Mafaka: Duba daga Briqueterie

Bayanan ƙasar asali su ne rahotannin da jami'i ke dogaro da su don sanin halin ƙasar da mai neman mafaka ya baro: wa ke riƙe da wane gari, wa ake farauta, kuma tun yaushe. Da su ake auna ko tsoron da mutum ya bayyana yana da tushe, kamar yadda Yarjejeniyar Janeba ta 1951 ta shardanta. Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 ta ƙara da wanda rikici ko mamaya suka kora, don haka a nahiyar nan nauyin sanin abin da ya auku a ƙasa ya fi girma.

Kamaru ta kafa dokar 'yan gudun hijira a 2005, ta fitar da dokar zartarwa a 2011 da ta tsara kwamitin tantancewa da na ɗaukaka ƙara. Waɗanda suka shigo ayari guda, irin 'yan Najeriya da aka tsugunar a sansanin Minawao tun 2013, akan karɓe su a dunƙule. Wanda kuwa ya iso Yawunde shi kaɗai, galibi sai ya zauna an yi masa tambayoyi.

Baƙo Musulmi da ya sauka a birnin yakan fara da Briqueterie, tsohuwar unguwar Hausawa, inda teloli da masu tsire da 'yan atamfa ke cika bakin titi, kuma ba a rasa wanda zai ji harshensa a ƙofar masallaci. A nan matsalar waɗannan bayanai take bayyana. Manyan rumbunan bayanai, wato Refworld na hukumar UNHCR da ecoi.net da Red Cross ta Ostiriya ke gudanarwa, galibinsu da Turanci suke. Jami'in yana aiki da Faransanci, mai nema yana magana da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko Sango. Rahoto zai tabbatar cewa Boko Haram ta kama Gwoza a Agustan 2014, ko cewa 'yan anti-balaka sun tsare Musulmin Bangui a unguwar PK5, amma da wuya ya ambaci ƙauyen da ke bayan dutse ko rugar da aka ƙona. Sai a ɗauki shirun takarda tamkar hujja a kan mutum, alhali jagorar UNHCR ta 1979 ta ce a rinjayar da shakka zuwa ga mai nema idan bayaninsa ya tsaya.

Gyaran farko shi ne a bai wa mai nema da lauyansa duk rahoton da za a yi hukunci da shi, a kuma karanta masa cikin harshensa, domin ya samu damar musantawa. Hukunci da takardar da mutum bai taɓa gani ba zalunci ne.

Abin da ya fi wuya shi ne sanin da ke bakin jama'a. Direbobi da fataken shanu da ke sauka a Briqueterie sukan san hanyar da aka rufe tun kafin a rubuta. Amma labarin kasuwa yana haɗe da jita-jita da gabar ƙabila, kuma tambaya a kan wani mutum tana iya kai sunansa kunnen waɗanda ya guje wa. Saboda haka a tambayi halin wuri kawai, a rubuta ranar da aka ji, a gwada da wata majiya dabam kafin a shigar da shi cikin fayil.