Kube

kube (suna, namiji): gidan wuƙa ko takobi, aikin dukawa. A bakin mutanen Adar, daga Tawa har Barmu, za ka ji kuben yuƙa.

Wanda aka fi gani a kasuwa ɓawo biyu gare shi. Na ciki kirgi ne mai tauri, wani kuma ya sa siraran itace biyu, don kada kaifi ya ɓulla. Na waje fatar akuya ce da aka jeme da bagaruwa, aka rina ja da karan dafi. Baduku yakan jiƙa fatar, ya naɗe ta a jikin wuƙar ta ɗauki siffarta, ya huda da basilla, ya ɗinke, sannan ya yi zane tun ba ta bushe ba. Ɗan koyo kuwa kusan kullum wuri guda yake faɗuwa: ya mance fata na tsukewa in ta bushe, wuƙa ta ƙi shiga.

Misali: "Baba, ga kubena na fari." "To, kawo wuƙar mu gani."

mai da wuƙa kube: huce fushi, janye faɗa. Dattawa ke faɗa wa masu rigima.