Shekarar da Hakim ɗan Ikko ya ɗauki kofin Amurka

Ƙwallon kwando wasa ne na hannu. Mutum biyar ke karawa da mutum biyar. Ana kafa kwando marar gindi a bisa, tsawon metir 3 da ɗan ɗori. Wanda ya jefa ƙwallo ciki ya ci maki 2. In daga nesa ya jefo, maki 3 ne. A ƙasar Amurka wannan wasa sana'a ce, kuma babbar gasarsu ana ce mata NBA. Yau za mu ba ku labarin gasar da aka soma a 1993, aka ƙare a 1994.

Wane ne Hakim?

An haifi Hakim Olajuwon a birnin Ikko, cikin Najeriya, a 1963. Yana yaro mai tsaron gida ne a wasan ƙwallon ƙafa. Sai da ya kai shekara 15 ya fara ƙwallon kwando. A 1980 ya tafi karatu birnin Hustan na Amurka. A 1984 ƙungiyar garin, mai suna Rockets, ta ɗauke shi. Dogo ne, ya wuce metir 2, ga zafin nama.

Amma shekara tara ya yi bai ɗauki kofi ba. A 1986 sun kai wasan ƙarshe, ƴan Bostan suka kada su. Mutane na cewa ya cika son yin kome shi kaɗai. A 1992 har ya yi saɓani da shugabannin ƙungiyar, ya nemi barinta.

Abin da ya sake

A wannan shekara ta 1992 aka naɗa musu sabon mai horarwa, Rudi Tomjanovich. Ya kawo dabara mai sauƙi. A ba Hakim ƙwallo kusa da kwando. In mutum ɗaya ya tare shi, ya ci. In mutum biyu suka rufa masa, to, akwai abokinsa guda da ba mai tsaronsa. Sai ya miƙa masa, shi kuma ya jefa daga nesa. Hakim ya yarda da abokansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A watan Oktoba na 1993, Maikel Jodan, wanda ya ci wa Shikago kofi sau uku a jere, ya ajiye wasa. Kowa ya sa rai.

Ƙungiya 27 suka shiga gasar, kowace ta yi wasa 82. Hustan ta ci wasa 15 na farko ba faɗuwa. A ƙarshe ta ci 58, ta faɗi 24. Aka zaɓi Hakim gwanin shekara. Shi ne na farko da aka haifa wajen Amurka ya samu wannan girma. Ranar ba shi kyauta, ya kira abokan wasansa duka, suka ɗaga ta tare.

Ranar wuya

Daga nan aka shiga zagayen fid da gwani. Ƴan Finiks suka zo har gida suka ci su sau biyu. Jaridar garinsu ta yi musu ba'a. Ba su karaya ba, suka rama, suka wuce.

A watan Yuni na 1994 suka gamu da ƴan Niyu Yok a karon ƙarshe. Wanda ya riga cin wasa huɗu, kofi nasa ne. Niyu Yok ta ci uku, Hustan biyu. A wasa na shida, saura daƙiƙa kaɗan, Hustan na da 86, Niyu Yok 84. Sai Jon Staks na Niyu Yok ya jefa daga nesa. In ta shiga, maki 3 ne, kofi ya tafi. Hakim ya yi tsalle, ya taɓa ƙwallon da kan yatsa, ta kauce.

Ran 22 ga Yuni aka yi wasa na bakwai. Hustan ta ci 90 da 84. Kofinta na farko ke nan. A shekara guda Hakim ya zama gwanin gasa, gwanin tsaro, da gwanin karon ƙarshe. Ba wanda ya taɓa haɗa ukun nan kafin shi. A 1995 shi da abokansa suka sake ɗaukar kofin.